Jan Fenti a Jikin Maɗaci

Tun daga bakin gandun daji na ji ƙarar faɗuwarta, na yar da gwangwanin fentina na ruga.

Uwar maɗatan nan ce a kwance. Tun da damina ta fara gajarta, ita kaɗai ke ba mu irin da ke jure fari.

Mai Zarto yana tsaye a kan kututturenta yana share gumi, har da yi mini murmushi.

"Gajeruwata, kin ga aiki?"

"Me ka yi?..."

"Jan fenti na gani, masoyiyata. Yaushe na taɓa musu da hannunki?"

Aikina ke nan: ja a sare, fari a bari. Shekara uku yana bin alamata ido rufe, yana tsokanata wai komai tsawon bishiya, fentina ba ya wuce ƙirjinsa. A nan soyayyarmu ta tsiro, duk da Baba, dillalin katako, ya rantse 'yarsa mai ilimi ba za ta auri lebura ba.

Na ce ƙarya yake, fari na shafa mata. Ya rantse, ya roƙe ni in duba. Zuciya ta rufe mini ido, ban duba ba. Da hannuna na rubuta rahoton da ya ƙwace masa lasisi.

Ranar da zai bar gari ya tsaya a ƙofar ofishinmu na gandun daji, zarton a kafaɗa.

"Ba lasisin ne ya yi mini ciwo ba. Ke ce."

Ban ɗago kai ba. Kaicona!

Bayan sati biyu aka yi gwanjon gungumen uwar maɗatan, aka kawo shi filin katakon Baba. Ina wucewa na ga jan fenti a jikinsa, an kankare farin da ke ƙasa. Na auna daga gindi. Ko na yi ɗage hannuna ba zai kai wurin ba.

Baba dogo ne.

"Baba, kai ne?"

Bai daina duba katakon ba.

"Bishiya ce, wata za ta fito. Miji kuma na nema miki na kirki."

Na kira lambar Mai Zarto har na gaji, a kashe take. 'Ya'yan da na tsinto daga rassan bishiyar na shuka su a leda ɗari biyu, ina ba su ruwa safe da yamma.

Ashe 'ya'yan ba su nuna ba aka sare ta. Ko ɗaya bai tsiro ba.