Kati Na Arba'in Da Ɗaya

Kati arba'in aka ce mu buga, injin ya fitar da arba'in da ɗaya.

Katin shaidar ma'aikata ne. Zane ɗaya, kwamfuta ke cusa suna da hoton kowa. Ƙanena da muke aiki tare a shagon yakan fara gwadawa da sunansa da hotonsa sannan ya goge. Ran nan gajiya ta mantar da shi.

Wanda ya ba mu aikin ya zo muna rufewa, ya karɓi katunan. Ana ruwa, rigarsa a bushe. Yana gabana, muryarsa na fitowa ta bayana.

Na ce, "Malam, na ƙarshen kuskure ne, miƙo."

Ya sa a aljihu. "Mai kati ai ma'aikacinmu ne."

Tun ranar, kullum dare ƙanena sai ya fita, ko na kulle ƙofa. Da asuba yake dawowa, hannu duk kanta, bai san inda ya je ba. Yanzu ko cokali ba ya iya riƙewa.