Hannun Ɗan Rakiya

Da zarar baƙo ya nufi ƙofar fita daga Dausayin Annashuwa, sai Ɗan Rakiya ya gangaro a kan tayoyinsa, ya rusuna, ya miƙo hannu. Mutum-mutumi ne, amma tafinsa da ɗumi kamar na ɗan Adam. Zai riƙe hannun baƙon ya taka masa har tashar motocin shawagi yana godiya. Kafin a saki hannu, aiki ya kammala.

Injiniya Ladidi ce ta ƙera shi, a lokacin da Tsibirin Taurari, wurin shaƙatawar da ke ɗaya gaɓar tafkin birnin, ya kwashe wa Dausayi masu hutu. Gasar ta wuce hankali. Wannan ya gina lilo mai taɓa gajimare, wancan ya gina wanda ya ɗara shi. Wannan ya saukar da ƙanƙara a tsakiyar bazara, wancan ya kawo teku har da igiyar ruwa. Masu hutu kuwa ba su da alƙawari, bana suna nan, baɗi suna can. Shi ne mai Dausayi, Alhaji Barau, ya ce shi dai a samo masa abin da zai sa kowa ya dawo.

Na'urar ba ta ƙirƙirar komai. Wasu siraran wayoyi ne a tafin ke aika lantarki ta jijiyar hannu zuwa ƙwaƙwalwa, ya lalubo kewa, irin wadda mutum ke ji idan ya tuna wani nasa, ya kwance ta daga kan wancan mutumin ya ɗaura ta a kan Dausayi. Sai daga baya Ladidi ta gano cewa kewa ba rijiya ba ce, randa ce, abin da aka ɗiba ba ya dawowa.

Ba a jima ba Tsibiri ya saci fasahar, nasu mutum-mutumin ma ya fi ɗiba. Ranar Sallah sai ka ga layi ya miƙe a ƙofofin biyu, gidajen kakanni kuwa wayam, tuwo ya huce ba mai ci. Hankalin Ladidi ya tashi. Ta sami Alhaji Barau ta roƙe shi a kashe na'urar.

"Injiniya, in na kashe tawa, su za su kashe tasu?"

Ya ƙara da cewa ya ji Tsibiri na haɗa mai riƙe hannu biyu, don haka ta koma bakin aiki.

Abu guda ya rage mata a birnin: mahaifiyarta, Inna Kulu. Duk Juma'a Ladidi kan je tsohuwar unguwa, kuma in ta tashi tafiya sai Inna ta rako ta har kwanar titi, da ciwon gwiwarta da komai, tana riƙe da hannunta gam. Ladidi ta yi ta cewa ta koma, ita kuma ta ce bari dai su ɗan ƙara gaba. Ladidi ta hana ta zuwa Dausayi, amma kunya ta hana ta faɗin dalili. Da wane baki za ta ce ga abin da ta ƙera?

Wata Juma'a ta tarar da Inna zaune a tsakar gida ta fuskanci tafki, inda lilon Tsibiri ke juyi a sama. Ashe maƙwabta ne suka ja ta can, ranar da ake shigar da tsofaffi kyauta. Ladidi ta tambaye ta ko ta ba mutum-mutumin Tsibiri hannu.

"Haba 'yar nan, a taka miki ki ƙi ba da hannu? Ai ba tarbiyya ba ce."

Inna ba ta manta da ita ba. Ta san sunanta, ta tambayi aiki, ta ce akwai kunu a kwano. Sai dai idonta bai bar tafkin ba.

Da Ladidi ta tashi tafiya, ta daɗe tana sa takalmi. Ta gyara mayafi, ta sake gyarawa. Inna ba ta motsa ba.

"Ki gaida gida," in ji ta.

Ladidi ta fito ita kaɗai, zuciyarta na ƙuna. Da ta kai kwanar titi, sabo ya sa ta juya za ta ce Inna ta koma haka nan. Babu kowa a bayanta.