Robar Cikin Hula

"Ba ya ja, Yaya."

Famfon da ke jikin tankar sai kuka yake, amma ko ɗigon dizal bai hau tiyo ba. Sifana ya dafa shi. Ya fara zafi. Rana tsaka ce, suna cikin wani kangon sito, tankar da suka tare a hanya ga ta, tasu motar na gefe tana jiran a juye mata.

Yaya, wansa ciki ɗaya, shi ne shugaba. Da zai ɗauko shi daga gareji cewa ya yi aikin famfo ne kawai, ba wanda za a taɓa. Sai ga shi ƙyallen fuskar Mai Tabo, ɗaya daga cikin yaran Yaya, ya zame, tsohon direban tankar ya gan shi sarai. Da kunnensa Sifana ya ji Yaya na cewa a bar tsohon a ɗaure tukuna, ko za a buƙace shi. Man na hawa, a gama da shi.

Sifana ya duba bawul, a buɗe yake. Ya zare matata, fes take. Ya kai kunne bakin tiyo, sai ya ji tsotson iska. Ya kwance mahaɗin. Babu zoben robar da ke toshe shi.

Ya ɗago ido. Tsohon na jingine da taya, baki a fashe, amma hularsa na nan daram. Dabarar tsofaffin direbobi ce: kafin a hau hanya a cire robar a cusa cikin hula, ɓarawo ya yi ta shan iska. Ko babu ita ma, minti biyu ya ishi Sifana ya yanko wata daga tsohuwar robar taya.

Tsohon ya dube shi. Shi ma ya dube shi. Ya mayar da mahaɗin ya ɗaure.

"Ciwon a ciki yake. Sai an farke shi," in ji Sifana.

Ya san tankar na da na'urar da ke nuna inda take, in ta awa guda a tsaye kamfani zai turo 'yan sanda. Yaya minti arba'in ya tsara.

Ya zauna yana kwance kusoshi ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan tsumma. Ba tsoro a ransa, ba tausayi. Hannunsa kawai yake kallo kamar na wani. Mai Tabo ya ce wannan bakanike ne ko mai tsintar shinkafa? Yaya ya ce ya iya bakinsa, ƙanen nan nasa da kunne yake gyara, tun yana yaro. Har ruwa ya miƙo masa. Sifana ya sha.

Jiniya!

Mai Tabo ya daka tsalle cikin motarsu, ya fizge ta ta ƙofar baya — bai waiwayi kowa ba! Yaya ya zaro bindiga. Idonsa ya faɗa kan kusoshin nan, a jere, tsaf, ba alamar sauri.

"Auta?" Abin da ya ce ke nan.

'Yan sanda suka ɓalle ƙofa — tau! Tau! Sifana ya mirgina ƙarƙashin tankar. Daga nan yake kallon takalman wansa har suka daina motsi.

Tsohon ne ya shaida wa 'yan sanda cewa bakaniken ma da bakin bindiga aka kawo shi. Kwana tara suka riƙe shi, suka sake. Inna ba ta tambaye shi komai ba. Kullum dai kwano biyu take zubawa, ta rufe ɗaya.

Ya koma gareji. Yana cin abinci, yana barci, yana gyara.

Ranar da aka cika wata guda, yana wanke matata, inuwa ta rufe masa haske. Wani mutum ne fes-fes, bai taɓa ganinsa ba. Ya yi sallama, ya ajiye sabon zoben roba a kan teburin aiki.

"Mai Tabo na yi maka gaisuwar rashi," in ji shi. "Ya ce ya tambayi wani bakanike, an ce masa aikin minti biyu ne. Ɗauko kayan aikinka, mota na waje."