Baƙin Gilashin Illo

"Ajiye shi! Asma'u, na ce ajiye shi!"

Kafin yarinyar ta gama ɗaga kai sama, Halimatou ta fizge gilashin daga hannunta. Ya suɓuce, ya faɗi kan dutsen wanki, ya tarwatse.



Mutari ya dubi yatsunsa da suka yi baƙi ƙirin. Tun azahar yake gaban aci-balbal yana turara gilasai da hayaƙi, don rediyo ta ce gobe da hantsi za a yi kusufin rana. Ma'aikacin buro ne, wato ofis, mai ɗan babur mobilet, wata shida ke nan yana zarya gidan nan na unguwar Goudel neman auren Halimatou.

"Haba Halima, kyauta fa na kawo wa ƴarki."

"Na gode. Amma idonta biyu ne tak, ba ni da na canji."

Mahaifinta Mushe Abdou, kamar yadda ake kiran malaman boko, tsohon malamin lakkwal, wato makaranta, ɗan Damagaram, ya gyara zama a kujerarsa.

"Da irinsa duk garin nan muka kalli kusufi shekara uku da suka wuce. Wa ya mutu?"

"Baba, Illo ya ce hayaƙi haske kawai yake ragewa. Abin da ke ƙona ido wucewa yake..."

"Illo! Ban hana a ambaci sunan nan a gidana ba?"

Mutari ya yi ɗan murmushi.

"Mushe, wai mai liƙin ƙarfe ne zai koya mana tattalin ido! Ai kowa ya san ƙarshen mai liƙin sudur, sanda ce da jagora. Ni tausayinta nake ji wallahi."

Halimatou ta dube shi. Ashe daga nan maganar take fitowa! Sau biyu Illo yana turo aminan arziki neman aurenta, sau biyu Baba na cewa ba zai ba makahon gobe ƴarsa ba. Mijinta na fari ya rasu Asma'u tana goye, ga shi yanzu ta shekara biyar, kuma tun daga lokacin ba wanda zuciyarta ta kwanta da shi sai Illo, mutumin Tawa, wanda fari ya cinye shanun ubansa, ya zo Yamai ya koyi sana'a.

 Ta share fasassun gilashin tas, saboda ƙafar yarinya.

Da la'asar ta ɗauki kwando za ta lambun bakin kogi sayen tumatir, ta ratse ta rumfar Illo. Yana hango ta ya kashe wuta, ya ɗage abin kare fuskarsa.

"Sanyin idona... wa ya taɓa min ke?"

"Bari, Illo, ba wasa ya kawo ni ba. Gobe ko na ɗaure Asma'u a turmi sai ta kalli rana."

"Na sani. Shi ya sa na riga ki."

Ya kwance wani ƙyalle, ya fito da gilashi baƙi wuluk, bai kai tafin hannu ba.

"Ba kowane gilashin sudur ke yi ba, ko wanda nake aiki da shi bai isa ba. Wannan lamba goma sha huɗu ne, mai duhun gaske. Sati biyu ina yawon garaji-garaji kafin na samu."

Ya duba shi ciki da bai, ba tsaga, ba ƙarzuwa. Sannan ya jawo kwalin madarar taimako, irin wadda sojoji ke rabawa a unguwa, ya miƙa mata reza.

"Yaya faɗin fuskarta?"

Ta gwada masa da yatsunta. Shi ya zana, ita ta yanka, har da ƴar kafar hanci. Suka huda taga a tsakiya, suka zaunar da gilashin tsakanin kwali biyu, suka liƙe gefe da ƙaro da baƙin ƙyalle. Ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa, ya tsuke baki.

"Ga wata kafa nan. A sake."

"Wannan? Ko allura ba ta shiga!"

"Rana ta fi allura tsini, gimbiya."

Sai da suka liƙe sau uku ya yarda. Ya ɗaura igiya, ya ce, "Kanta na ƙasa za ki sa mata, sannan ta ɗaga. In za a cire ta sunkuya tukuna. Kallo kaɗan, a huta."

Ta karɓa, amma ta kasa tafiya.

"Illo... da gaske makancewa za ka yi?"

Ya yi dariya, ya ƙwanƙwasa abin kare fuskarsa.

"Shekara huɗu ban taɓa kunna wuta babu wannan a fuskata ba. Akwai abin da nake son in daɗe ina kallo."

"Me?"

"Je ki sayi tumatir, kin sani."

Washegari da hantsi haske ya fara dusashewa, zafin bazara ya ɗan saki gari. Yara suka cika lungu da kiɗan gwangwani, maza suka tafi masallaci sallar kusufi. A ƙarƙashin dogon yaro, hasken da ke ratso ganye ya koma ƴan ƙananan jinjirin wata birjik a ƙasa.

Halimatou ta sunkuyar da kan ƴarta, ta ɗaura mata kwalin, ta dafa kafaɗunta.

"To, ɗaga a hankali."

"Inna! Inna, an gutsiri rana kamar ƙosai!"

Suna cikin dariya Mushe Abdou ya dawo, Mutari na biye. Mutari ya zaro wani gilashin hayaƙin daga aljihu.

"Asma'u, yar da kwalin nan, zo ki gani da na ƴan boko."

Caraf tsohon ya riƙe masa wuyan hannu.

"Mayar aljihu."

"Mushe, ai jiya kai ka ce..."

"Na ce ka mayar!"

Ya kwance kwalin daga kan jikarsa, ya shiga bin liƙin da yatsa, yana karkata kai yana duba da idon hagu. Halimatou ta san wannan karkatar. Shekara uku ke nan ita ke karanta masa wasiƙa, ita ke rubuta amsa.

"Halimatou," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "In na dube ki da idon dama, tsakiyar fuskarki ba na gani. Na ce muku tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Gilashin hayaƙi ne, kuma da hannuna na turara shi. Jiya da kika fizge na yarinyar nan, kunya ce ta sa na yi miki tsawa."

"Baba..."

Hawaye suka zubo mata.

Tsohon ya sunkuya ya kara kwalin a fuskarsa. Ya yi masa kaɗan, igiyar ma ba ta zagayo ba.

"Da fuskar wa aka auna wannan?"

"Ta Asma'u."

"Ƴar da ba shi ya haifa ba..." Ya jinjina kai. "Illon ne na wuce tsaye bakin zaure kamar mai gadi?"

"Ya zo jin ko igiyar ta yi daidai ne."

"A ce ya shigo."

Illo ya cire takalmi, ya durƙusa. Tsohon ya kama haɓarsa, ya daɗe yana leƙa ƙwayar idonsa, sannan ya waiga ya dubi Mutari.

"Garau. Sun fi nawa, ni mai takardar lakkwal."

Mutari ya tuna ana jiransa a buro. Sai da ya tura mobilet ɗin har bakin titi kafin ta tashi.

"Kana da manya a Tawa?"

"Kawuna na nan, Baba."

"Aika masa ya zo."

Illo ya sosa ƙeya.

"Rubutuna bai yi ƙwari ba, Baba."

"Akwai mai rubuta min wasiƙa a gidan nan. Yau kam na san ba za ta ce hannunta ya gaji ba."

Halimatou ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ruga ɗaki ɗauko takarda. A bayanta tana jin Asma'u na cewa, "Kaka, ba ni abina kafin a cinye ƙosan!" Illo kuma na cewa, "Sunkuya tukuna, ƴata."

Har rana ta koma daidai, tawada ta bushe, Halimatou ba ta tuna ta karɓi kwalin ta leƙa sama ba.