Farin Kallabin Burul

Shayi uku Nurzada ta zuba wa uwar mijinta a safiyar nan, duka ukun aka turo mata abinta. Na farko wai ya huce, na biyu madara ta yi yawa. Na uku kuwa Burul ta leƙa cikin kofin, ta ɗago kai a hankali ta dubi kelin ɗinta, wato matar ɗanta.

"Kin cika shi fal! Korata kike yi daga gidan ɗana, kelin? In shanye in tashi in ba ki wuri?"

"Allah ya huci zuciyarki, Apa. Hannuna ne ya..."

"Hannunki! Hannun da ya san hanyar kai sunanki allon gidan wasa, shi ne bai iya zuba rabin kofi ba?"

A wajenmu cika wa mutum kofi kora ce, rabi shi ne girmamawa. Mirlan, mijin Nurzada, yana zaune da gurasa a hannu, ya kasa kai ta baki. Ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, ya mayar da ido kan faranti kamar can aka rubuta masa amsa.

Ni na san gidan nan ciki da waje. Shekara ashirin da shida ina ɗinki da gugar kayan 'yan wasa a gidan wasan kwaikwayo na garinmu, kuma ba abin da ke wuce kunnen mai guga. Wasanni goma sha biyu muke da su, muna juya su shekara da shekaru, yau wannan gobe wancan. Kowane matsayi mutum biyu ke riƙe da shi: mai shi, da na bayansa. Na bayan zai haddace komai, ya tsaya bayan labule yana motsa baki, ba zai hau ba sai ranar da mai shi ya kwanta ciwo. Burul kuwa ba ta ciwo. Shekara talatin da ɗaya tana fitowa a uwa cikin wasan "Hanyar Dutse", uwar da ke jiran ɗanta soja, da farin kallabi a kanta. Shekara tara daga ciki, surukarta Nurzada ce a bayanta.

Tun ranar aure abin ya lalace. Da aka kawo amarya, Burul ta ƙi ɗaura mata farin kallabi da hannunta yadda kowace uwar miji ke yi, sai wata gwaggo ce ta rufa asiri. Cewarta, yarinyar ba Mirlan take so ba, matsayin uwarsa take hari, shi ya sa ta liƙe wa ɗan nata mai kunna fitilun dandamali. Ƙarya ce wallahi! Ni na ga yadda yaran nan suka so juna tun suna raba samosa ɗaya a bayan gidan wasa.

To bana sai aka kawo bikin gidajen wasa na ƙasa garinmu. Ƙungiyoyi tara, da alƙalai daga Bishkek, babban birnin ƙasarmu, waɗanda za su ɗauki mutum ɗaya tak zuwa babban gidan wasa. Kwana ɗaya kafin safiyar shayin nan, darakta Sagyn ya liƙa takarda a allo, kuma a gaban "uwa" sunan Nurzada ne.

Shi ya sa a safiyar Burul ta miƙe daga kan shimfiɗa, ta nuna ɗanta da yatsa.

"Mirlan, da kai nake. Ko ta je ta cire sunanta, ko ta kwashe kayanta. In ta hau dandamalin nan da kallabina a kanta, to ɗayanmu ba ta sake kwana a gidan nan. Mai jiran gado kawai! Ban mutu ba tukuna."

Da azahar ina ɗakin guga sai ga Mirlan da Nurzada sun shigo, suka rufe ƙofa. Ba su damu da ni ba, ni ma na ci gaba da goge rigar sojana.

"Nurza, don Allah ki saurare ni," in ji Mirlan. "Apa ba ta da lafiya. Likita ya ce ƙwaƙwalwarta ce ke zubewa, kaɗan-kaɗan, kuma ba ta da magani. Wata shida ke nan da na sani."

"Wata shida? Ni da ke wanke mata kai kake ɓoye wa? Ashe shi ya sa na tsinci takalminta a firiji! Ashe shi ya sa take kiranka da sunan marigayi babanka!"

"Ita ta sa na rantse. Wannan ne bikinta na ƙarshe, Nurza. Baɗi ba ta san ma mene ne biki ba."

"Ni fa? Shekarata talatin da huɗu, Mirlan! Shekara tara ina bayan labule kamar tsintsiya. Wa zai sake zuwa daga Bishkek ya dubi tsohuwa irina? Wannan ne nawa na farko, kuma shi ne na ƙarshe!"

"Na sani..."

"Ba ka sani ba. To ji nan. Tambaya ɗaya zan yi maka." Ta kama hannunsa da hannayenta biyu. "In na hau, za ka sake ni? Ka ce a'a kawai. Ka ce ko na hau ko ban hau ba ni matarka ce. Sauran ka bar mini."

Jama'a, yaron nan ya yi shiru. Na ɗaga dutsen guga ina jira, har rigar ta fara ƙauri. Daga ƙarshe ya zare hannunsa ya ce, "Uwata ce," ya fita.

Nurzada ta zube kan tarin kayan 'yan wasa ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba, har a dandamali. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce, "Tashi ki share hawaye! Ki hau abinki, 'yata. Mijin da ba zai iya cewa a'a ba, me za ki yi da shi?"

Ta ɗago ta dube ni; Eje take kirana, wato yaya. Ta ce, "Eje, shekaranjiya a rihaza sau biyu ta tsaya cak. Na ɗauka gajiya ce. In na bar mata, za ta hau ita kaɗai, ta manta, ƙungiyoyi tara su yi mata dariya. In na hau, na kashe ta da ranta, na kashe aurena. Ko ta ina babu daɗi."

"To sai yaya?"

"Ina son sa, Eje. Ko yanzu da ya yi mini wannan, ina son sa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

Ta wanke fuska ta tafi ofishin darakta, ni kuma na bi ta da riga a hannu wai zan nuna masa maɓalli. Sagyn ya buga teburi.

"Kin haukace? Matar nan ba ta iya kai shafi biyu! Ke na zaɓa don ki fid da mu kunya!"

"Agai, ranka ya daɗe, akwai surukar nan a wasan, wadda ba ta magana, mai kawo shayi sau ɗaya ta fita. Ka ba ni ita. Amma ka bar ni in kawo shayin duk lokacin da na ga dama."

Sagyn ya cire tabarau ya murza ido. "Kin san alƙalan nan ba za su ko tambayi sunanki ba?"

"Na sani, Agai."

Da aka canza takardar allo, kuna tsammanin Burul ta gode? Ina! Ta wuce Nurzada a baranda ta ce da ƙarfi, "Yauwa, kowa ya koma inda Allah ya ajiye shi. Mai shayi ta zuba shayi."

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu na yamma aka ɗaga labule. Zauren ya cika, har a matakala mutane na zaune. Burul ta fito da farin kallabinta, muryar nan tata ta cika ko'ina, har na fara cewa ko likitan ya yi kuskure. Minti goma ba a yi ba sai ta tsaya. Idonta ya yi fari.

Sai ga Nurzada da buta. Ta durƙusa, ta zuba rabin kofi, ta miƙa da hannun dama, na hagu a ƙirji, kai a sunkuye yadda suruka ke yi. A cikin sunkuyon nan ta raɗa mata kalmomin. Burul ta karɓi kofin, ta kurɓa, ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Haka aka yi ta yi. Ni ina bayan labule ina cika buta da ruwan zafi.

Amma ƙarshen wasan uwa ce ita kaɗai a bakin hanya, ba gida, ba suruka, ba dalilin shayi. A nan ne abin ya kwance gaba ɗaya. Burul ta tsaya tsakiyar dandamali, ta dubi ɗaruruwan mutanen nan, ta ce da ƙaramar murya irin ta yarinya, "Nan ina ne? Wa ya kawo ni nan?"

Sagyn ya dafe kai. Ni kam na ce shi ke nan, mun shiga uku.

Nurzada ta fita ba tare da ta tambayi kowa ba. Ta taka har gabanta, ta durƙusa, ta miƙa kofi. Can sama Mirlan ya kashe duk fitilu ya bar ƙwaya ɗaya a kansu. Layi-layi ta riƙa ba ta, ita kuma tana maimaitawa, tana riƙe da wuyan hannun Nurzada gam kamar wadda za ta faɗa rijiya. Mutane suka ɗauka haka aka tsara. Har alƙalan na ga suna share ido.

Burul aka ba kyautar gwarzuwar biki. Gurbin Bishkek kuwa wata 'yar shekara ashirin da uku daga ƙungiyar garin Talas ta samu. Jaridar da ta fito washegari ta cika shafi da hoton Burul, a gefe ana ganin hannu riƙe da buta, ba suna.

Amma bari in koma ga yammacin nan. Bayan tafi ya lafa, Nurzada ta shigo ɗakina tana cire kaya. Sai ga Burul, Mirlan na biye da ita.

"Kelin. Sau nawa kika raɗa mini?"

"Ban ƙirga ba, Apa."

"Ƙarya kike. Ni na ƙirga, sau goma sha ɗaya. Yanzu kaina a buɗe yake, ban san zuwa yaushe ba, don haka matso." Ta kwance farin kallabin daga kanta, ta ɗora a kan Nurzada, ta ɗaure da hannunta. "Na makara da shekara tara. Ki yafe mini tun ina iya sanin abin da na yi miki."

Nurzada ta rungume ta, suka yi ta kuka. Mirlan ya durƙusa a gefe ya ce, "Nurza, ni fa?"

Ta dube shi ta cikin hawaye. "Na yafe maka. Amma shirun nan da ka yi, Mirlan, zai daɗe yana mini ƙara a kunne."

Yanzu Nurzada ce uwa a "Hanyar Dutse", duk Alhamis ta biyu, gaban mutum arba'in ko hamsin, rabinsu 'yan makaranta masu cin gyaɗa. Bishkek ta wuce ta har abada, ta kuma san haka. Aurenta na nan, kuma yanzu in ta yi tambaya Mirlan ba ya bari ta rufe baki bai amsa ba. Kafin ƙanƙara ta sauka Burul ta daina gane shi. Ɗan da ta haifa, in ya shigo sai ta ja mayafi ta ce wane baƙo ne wannan.

Ku 'yan mata da samari masu karanta wannan, ba zan yaudare ku in ce haƙuri na dawo wa mutum da duk abin da ya rasa ba. Bai dawo wa Nurzada da shekarunta ba. Abin da ya ba ta shi ne gidanta, da mutuncinta, da zuciyar da ta fi kowace wuyar samu. Ku kuma maza, ranar da matarku ta riƙe hannunku tana neman kalma ɗaya, ku faɗe ta, don biyayya ga uwa ba ta ce a yi wa mata shiru ba.

Makon jiya na je gaishe su. Burul ba ta karɓar komai daga hannun kowa sai na mutum ɗaya. Nurzada ta durƙusa ta miƙa mata shayi. Tsohuwar ta leƙa kofin, ta ga rabi ne daidai, ta yi murmushi ta juyo gare ni.

"Yarinyar nan ta iya zuba shayi. 'Yar wa ce?"

Nurzada ta gyara mata mayafi ta ce, "Taki ce, Apa."