Wanda Za a Kira In Wani Abu Ya Faru

Ina cusa takalman gudu a jaka mijina ya shigo ɗakin ya tsaya a bakin ƙofa. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ranar ko hannun rigarsa bai kakkaɓe ba, duk farin alli.

"Tafiyar tana nan ke nan?"

"Tana nan."

"Ta nawa ke nan bana?"

"Ta huɗu."

Ya jingina da bango ya ce Hajiya ta sake kiransa. Hajiya ita ce mahaifiyarsa, kuma ba muguwar mace ba ce, gara in faɗi gaskiya. Cewa ta yi ita dai tunda take ba ta taɓa ganin matar aure da hankalinta tana bin garuruwa tana gudu ba tare da wani ya biyo ta ba. Ta ce in mun gaji da juna mu fito mu faɗa, a rabu cikin mutunci tun muna da sauran ƙuruciya. Ta ba shi zuwa ƙarshen wata ya kawo mata amsa.

"Kai me ka ce mata?"

"Ban ce komai ba."

"To."

"To kawai? Aurenmu fa ake magana a kai..."

"Na ji."

Ya daɗe yana kallona. Daga baya ya ce in na dawo in faɗa masa ko ina son zaman nan ko ba na so, shi dai ya gaji da zama da mutum kamar yana zaune da hoto. Ya juya ya fita, bai ma buga ƙofar ba.

Na tsaya ina jira in ji wani abu, tsoro ko haushi ko kunya. Babu. Na duba jakar na ga safa ɗaya ce kawai, na ƙara ɗaya na ja zip.

Shekara biyu ke nan da rasuwar 'yarmu Mimi. Shekarunta huɗu. Zazzaɓi ne na kwana uku, irin wanda kullum iyaye ke zuwa kantin maganin da nake aiki suna neman maganinsa, ina miƙa musu ko ɗaga kai ba na yi. Ita ma na ba ta na ruwa, cokali ɗaya safe da yamma. A rana ta biyu jikinta ya yi zafi sosai, babanta ya taɓa goshinta ya ce mu ga zuwa safe, na ce to. Da safe muka kai ta asibiti, ba mu dawo da ita ba.

Masu gaisuwa sun yi ta yabon haƙurina. An ce ba a taɓa ganin mai tawakkali irina ba, ko hawaye babu. Na bar su da zatonsu. Ba haƙuri ba ne, ni dai kawai na leƙa cikina ne na tarar ba kowa.

Gidan ne ya fara yi min ƙunci. Bayan sallar asuba sai in fita in yi ta tafiya har rana ta fito. Tafiyar ta koma sassarfa, sassarfar ta koma gudu. Wata tsohuwar nas da ke sayen maganin hawan jini a wurinmu, wadda kowa ke kira Anti, ta gan ni a hanya wata rana ta ce tunda dai na ƙuduri aniyar kashe gwiwoyina, in zo in kashe su cikin jama'a. Ita ta shigar da ni ƙungiyarsu ta masu gudun fanfalaki. Ba 'yan wasa ba ne, akwai akawu, akwai mai gyaran haƙori, akwai wani mai tumbi da ke sayar da tayoyi. Duk inda aka ji za a yi gudun kilomita arba'in da biyu sai a haɗa jaka a tafi.

Ni ba gwana ba ce. Awa biyar da rabi nake yi, lokacin da na farko ya riga ya yi wanka ya ci abinci ya yi barci. Lambobin yabon da ake rataya wa duk wanda ya kai ƙarshe suna cikin durowar kicin, tare da cokula da tsofaffin batura. Ba don su nake zuwa ba. In na wuce kilomita talatin ƙafafuna sukan fara ciwo, ciwo na gaske, sai in tuna ina da jiki. Don wannan nake biyan kuɗin mota.

Awa shida muka yi a hanya. Anti ta yi barci baki buɗe tun kafin mu fita gari, ni kuwa na yi ta kallon turakun lantarki suna wucewa. Ɗakin otal ɗin irin na kullum ne, gado biyu, na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar tsohon babur, da hoton wani kwalekwale a karkace a bango. Na ajiye jaka muka wuce zauren da ake karɓar lamba.

Kowane mai gudu ana ba shi takarda mai lamba da fil huɗu, ya maƙala a gaban riga. A bayan takardar akwai layuka: sunanka, rukunin jininka, maganin da jikinka ba ya so, sai wanda za a kira in wani abu ya faru. A duk gudun da na yi lambar wayar Anti nake rubutawa a layin ƙarshen, ba wanda ya taɓa dubawa.

Wannan karon matar da ke kan tebur ta duba. Ta tambaye ni wace ce Anti, na nuna ta, tana can tana rigima a kan an ba ta riga mai girma. Matar ta cire tabarau ta ce min, 'yar'uwa, wadda ke gudu tare da ke ta yaya za ta ɗauki waya? Ta ce sai wanda ba ya cikin gudun, ta miƙo min biro ta tsare ni da ido.

Layi ya yi tsawo a bayana. Na soke lambar Anti na rubuta ta mijina, bayan ta Anti ita kaɗai na haddace. Da na zo wurin suna, kafin in yi tunani hannuna ya rubuta: Abban Mimi.

Na tsaya ina kallon rubutun. Tun ranar da aka haifi Mimi ban sake kiransa da wani suna ba, har abokan aikinsa da maƙwabta suka ɗauka. Bayan rasuwarta sunan ya maƙale min a maƙogwaro. Mutane suka koma ce masa Malam, don kada su fama mana ciwo. Ni kuwa ban koma kan komai ba. In ina son magana da shi sai in yi gyaran murya, ko in fara maganar kawai ina kallon bango. Shekara biyu muna gida ɗaya ban kira mijina da ko wane suna ba.

Na yi niyyar sokewa, wani ya yi tsaki a bayana, na ninke takardar na wuce.

Ƙarfe shida na safe aka sake mu. Dubban mutane, ƙarar takalma kamar ruwan sama a kan kwano. Na gyara ɗan hijabina na kama takuna na kullum. Anti ta wuce ni a kilomita na takwas tana ce min in sha ruwa, yau rana za ta yi zafi.

Ta kuwa yi. Ƙarfe tara kwalta ta fara dukan tafin ƙafa. A kowane kilomita biyar akwai tebur na ruwa, na sha a na goma, na sha a na ashirin. Daga nan sai in ga teburin in wuce. Ba gangan na yi ba, ƙishin ne ban ji ba. Na kai talatin ina jiran ciwon ƙafar nan da na saba, bai zo ba. Talatin da biyar, shiru. Na ce a raina, ashe wannan ma ya ƙare.

Abu na ƙarshe da na tuna shi ne allon da aka rubuta talatin da bakwai, da titin da ya karkata gefe ɗaya.

Na farka a wani ɗaki mai koren labule, da ƙarin ruwa a hannuna. Wata nas matashiya ta ce na faɗi ne, ruwan jikina ya ƙare, motar asibiti ce ta kawo ni. Ta ce Allah ya taimake ni na faɗi kusa da masu agaji. Tana gyara robar ruwan ta ƙara da cewa, kada in damu, sun kira Abban Mimi, yana hanya.

Sunan ya fito daga bakinta a sauƙaƙe, kamar ba komai ba. Na rufe ido. Abin da ya fara zuwa raina shi ne yana da takardun jarabawa da zai duba ranar, ga shi na ɓata masa lokaci.

Anti ta zo da azahar, lambar yabonta na lilo a wuya, ta wanke ni tas. Ta ce shekara talatin tana aikin asibiti ba ta taɓa ganin mai sayar da magani da ba ta san amfanin ruwa ba. Ta yi faɗan har ta gaji, sannan ta zauna ta riƙe min ƙafa tana matsawa. Na ce mata ta je ta huta.

Bayan la'asar ya iso. Da rigar zaman gida ya zo, da silifas ɗin banɗaki a ƙafarsa, fuskarsa ta yi zuru-zuru. Ya tsaya a kaina ya duba robar ruwan, ya duba hannuna, ya tambayi nas sau biyu ko ta tabbata ba abin da ya taɓa kaina. Ta tabbatar masa, ta miƙa masa takardar lambata da aka cire daga rigata, ta fita.

Ya ja kujera ya zauna. Ya juya bayan takardar ya daɗe yana kallo.

"Sannu," ya ce.

"Yawwa. Ka yi haƙuri, na taso ka."

Ya ce yana zaune a falo da jan biro a hannu wayar ta shigo, baƙuwar lamba. Ya ɗauka, wata murya ta ce, don Allah da Abban Mimi nake magana?

"Na kasa amsawa," ya ce. "Ta sake tambaya. Na ce eh... ni ne. Wallahi ban ji abin da ta faɗa bayan nan ba, sai da ta maimaita."

Na kafa wa silin ido.

"Shekara biyu ba wanda ya kira ni haka. Kowa Malam, Malam. Kamar ba ta taɓa zuwa duniya ba. Kamar ban taɓa zama uban kowa ba." Ya ninke takardar. "Na ɗauka ke ma kin cire min sunan ne. Na ce hakkinki ne, tunda ni na ce a bari zuwa safe."

Na juyo na kalle shi. Rabon da in kalli fuskarsa sosai har na manta. Ya yi furfura a gefen kunne, ban san lokacin da ta fito ba.

"Kai ka ce a bari?"

"Ni na ce."

"Kai malamin lissafi ne," na ce. "Ni ce mai sayar da magani. Ni ya kamata in sani. Kullum ina jira ka faɗa min haka."

"Ni? Ban taɓa..." Ya girgiza kai. "Ko sau ɗaya ban taɓa kawo wannan a raina ba, wallahi."

A waje wani yana tura gadon marasa lafiya, tayarsa ɗaya na ƙara. Shekara biyu kowannenmu yana zaune a kusurwarsa yana jiran ɗayan ya yanke masa hukunci, ba wanda ya tambayi wani. Na ji tausayinsa, na ji tausayin kaina. Abin ya zo min a hankali, kamar yadda ƙafa ke dawowa bayan ta sage, da zafi.

Ya share ido da bayan hannu ya ce in manta da maganar ƙarshen wata, ba don ita ya zo ba. Ya ce in ina son in ci gaba da gudun ma in ci gaba, shi dai in riƙa shan ruwa.

"Ka ce wa Hajiya ta yi mana haƙuri," na ce. "Ba inda zan je."

Ya sunkuyar da kai ya ɗora goshinsa a gefen gadon, kusa da hannuna mai allura. Kafaɗunsa na motsi. Na so in taɓa shi, hannun ya yi min nauyi. Na buɗe baki, maƙogwarona a bushe, sau biyu ina gwadawa ba abin da ya fito. A na uku ya fito, a shaƙe, kamar muryar wata.

"Abban Mimi..."

"Na'am."

Da sauri ya amsa, bai ko ɗago ba. Na nemi abin da zan ce masa na rasa, ba ni da wata magana. Hawaye ne suka gangaro min har cikin kunne, masu ɗumi, na ƙyale su.

Na sake kira.

"Na'am," ya ce. "Ina jin ki."