Kujerar Iska

Ranar Litinin malamar motsa jiki ta shigo aji huɗu da agogo a hannu.

"Yau za mu auna juriyar ƙafafunku," in ji ta. "Kowa zai jingina bayansa da bango, ya lanƙwasa gwiwa kamar ya zauna a kujera. Sai dai kujerar ta iska ce."

'Yan aji suka kwashe da dariya.

Akwai wata yarinya da ake kira Barewa, don ba mai kamo ta a tsere. Aka haɗa ta da ƙawarta Doguwa, wadda za ta duba agogon bango ta rubuta mata a kati.

Barewa ta jingina tana murmushi. Ba a jima ba cinyoyinta suka fara rawa kamar mazari. A sakan talatin ta zame ƙasa.

Kunya ta kama ta. Ta raɗa wa Doguwa, "Don Allah rubuta saba'in."

"Ƙarya fa ke nan."

"Wa zai sani? Ke dai rubuta."

Doguwa ta rubuta, ba don ranta ya so ba.

Malama ta tattara katunan. Ta ce, "Ku yi ta gwadawa a gida. Bayan wata ɗaya za mu sake, mu ga wanda ya fi ci gaba."

Barewa ta dage. Kullum ta dawo makaranta, sai ta jingina da bangon kicin, Mama na lura da agogo.

"Auta, kada ki karya mini kujerar nan," in ji Mama. "Ita kaɗai gare mu."

Ranar gwaji na biyu, Malama ce ta riƙe agogo da kanta. Barewa ta cije, ta kai sakan sittin cif. Ta miƙe da murna.

Malama ta duba kati. "Da saba'in, yanzu sittin. Kin ragu da goma. Ko ba ki da lafiya ne?"

Murnar ta koma ciki. Wani yaro da ya tashi daga ashirin zuwa talatin da biyar shi aka tafa wa.

Bayan an tashi, Barewa ta tsaya. "Malama, talatin na yi ran nan. Ni na matsa wa Doguwa."

"Ashe ninkawa kika yi," in ji Malama. "Kin gani? Ƙaryar ce ta cinye miki wahalarki. Wannan awo tsakaninki ne da jikinki."

Ta ba ta sabon kati, ta rubuta sittin. Barewa ta je ta ba Doguwa haƙuri.

Da wata ya zagayo ta kai tamanin da biyu, kuma Doguwa ce ta fara tafi.

Tun daga nan Barewa ta gane cewa wanda ya ɓoye inda ya fara, ba zai iya nuna nisan da ya yi ba. Gaskiya ko kaɗan ce, ta fi ƙarya mai yawa.